Sojan Ko-ta-kwana da Aka Yi Wa Ritaya Bisa Kuskure: Yadda Ake Gyara Fayilinsa a Amurka

A tsarin sojan Amurka akwai wani babban rukuni na dakaru da ba a bariki suke kwana ba. Malaman makaranta ne da direbobi da ma'aikatan jinya da injiniyoyi, waɗanda ke sanya kaki a ƙarshen mako guda cikin kowane wata, su yi kimanin mako biyu na atisaye a shekara, sannan a iya kiransu fagen daga a duk lokacin da buƙata ta taso. Su ne sojojin ko-ta-kwana, kuma rassansu bakwai ne: na sojan ƙasa, na ruwa, na kundumbala, na sama, na masu gadin gaɓar teku, sai kuma dakarun tsaro na jihohi da ke da reshen ƙasa da reshen sama. Tun daga wata doka ta shekarar 1948 irin wannan soja ke da haƙƙin fansho, amma fanshon nasa ya rataya ne a kan lissafin da ake yi masa shekara da shekara a ofisoshin da galibi bai taɓa taka ƙafa cikinsu ba. Saboda haka idan aka yi masa ritaya bisa kuskure, ɓarnar ba ta tsayawa a kan takardar umarni guda, domin tana ratsa lissafin makinsa da muƙaminsa da inshorarsa da abin da iyalinsa za su gada, kuma kowanne daga cikinsu sai an nemi gyaransa da sunansa.

Sai an fahimci lissafin kafin a fahimci kuskuren. Sojan dindindin yana ƙirga shekarunsa ne da kalanda, shi kuwa na ko-ta-kwana da maki yake ƙirga nasa. Ana ba shi maki 15 a shekara saboda kasancewarsa a rundunar kawai, maki ɗaya a kan kowane zaman atisaye na aƙalla awa huɗu, wanda ya sa atisayen Asabar da Lahadi ke kawo maki huɗu, sai kuma maki ɗaya a kan kowace ranar da ya yi yana cikakken aiki. Shekarar da ya tara maki 50 ko fiye ita ce sojojin ke kira "shekara mai kyau", kuma yana buƙatar irinta guda 20 kafin ya cancanci fansho, wanda a bisa ƙa'ida ake fara biya idan ya cika shekara 60 da haihuwa. Ita wannan shekarar ba daga Janairu take farawa ba. Tana farawa ne daga ranar da mutum ya shiga aiki, kuma idan ya bar aiki na wani lokaci ya dawo, sai a sanya masa sabuwar rana, wanda hakan kaɗai ya isa ya rikita lissafin magatakardan da bai lura ba. Akwai kuma iyaka ga makin da ba na cikakken aiki ba da za a iya ƙirgawa a shekara guda, kuma iyakar ta sha sauyawa: da 60 ce, ta koma 75 a 1996, ta koma 90 a 2000, sannan ta kai 130 a 2007. Wanda ya yi aiki a tsawon waɗannan shekaru, kowace shekararsa da dokar zamaninta za a auna ta.

Idan lokacin biya ya yi, sai a raba jimillar makin da 360, abin da ya fito a ninka shi da kashi 2.5 cikin ɗari, ko kashi 2 ga waɗanda ke ƙarƙashin sabon tsarin da ya fara aiki a Janairun 2018, sannan a ɗora wannan kason a kan matsakaicin albashin watanni 36 mafiya tsoka, ga wanda ya shiga aiki daga 8 ga Satumbar 1980. A ɗauka wani saje yana samun maki 78 a shekara, wato 48 na atisayen ƙarshen mako, 15 na zama ɗan runduna da 15 na atisayen shekara. Idan aka sallame shi shekara uku kafin lokacinsa, ya yi asarar maki 234, wanda ya yi daidai da kashi 1.625 cikin ɗari na albashin da za a yi masa lissafi da shi. In albashin dala 6,000 ne, kusan dala 98 ke nan ke zubewa kowane wata, fiye da dala 23,000 a shekara 20, ba tare da an saka ƙarin da ake yi saboda tsadar rayuwa ba. Wannan asarar mai sauƙi ce ma, domin ta wanda ya riga ya cika shekaru 20 ce. Wanda aka fitar yana da 19 kuwa, ba ragi aka yi masa ba, fanshon ne gaba ɗaya ba shi da shi.

Kuskuren yakan shigo ta ƙofofi daban-daban. Wani lokaci atisayen da soja ya halarta ne ba a shigar a kwamfuta ba, musamman idan ya sauya bataliya ko ya koma daga wani reshe zuwa wani, sai ka ga a takardar makinsa layin wata shekara ya nuna 15 kacal, wato makin zama ɗan runduna, alhali mutumin bai yi fashin wata ko ɗaya ba. Wani lokaci ranar da doka ta ce dole hafsa ya bar aiki ce aka lissafa ba daidai ba, domin laftanar-kanar yana da shekara 28 na aikin hafsa, kanar kuma 30, kuma idan aka haɗa masa da shekarun da ya yi yana ƙaramin soja sai ranar ta matso kusa ba bisa ƙa'ida ba. Akwai wanda ake yi wa ritaya saboda rashin lafiya ba tare da an gabatar da shi gaban kwamitin likitoci ba, alhali ciwon a bakin aiki ya same shi. Akwai kuma wanda aka take masa kariyar da doka ta ba sojan da ya kai shekara 18 amma bai cika 20 ba, wadda ta hana a cire shi ba da yardarsa ba sai bisa dalilai ƙayyadaddu kamar laifi ko shekarun haihuwa ko naƙasa, domin a ba shi damar ƙarasa abin da ya rage.

Wani kuskuren da ya fi waɗannan ɓoyewa shi ne a sallami soja daga aiki kwata-kwata a inda ya kamata a mayar da shi jerin 'yan ko-ta-kwana masu ritaya. A idon wanda ba ya cikin harkar duk ɗaya ne, tunda mutumin ya daina zuwa atisaye kuma yana jiran shekara 60. Amma wanda ke cikin jerin masu ritaya shekarunsa na ci gaba da ƙirguwa wajen matakin albashi, kuma da jadawalin albashin shekarun da ke gab da fara biyansa za a yi masa lissafi, shi kuwa wanda aka sallama, idan yana ƙarƙashin tsarin watanni 36, lissafinsa ya daskare a kan albashin lokacin da ya fita. Mutumin da ya fita yana ɗan shekara 42 zai iya yin shekara 18 bai san da wannan bambancin ba, sai ranar da kuɗin farko ya shiga asusunsa.

A tsakiyar duk wannan akwai wata takarda da sojoji ke kira wasiƙar shekara ashirin. Doka ta wajabta wa rundunar ta sanar da soja a rubuce, cikin shekara guda bayan ya cika shekaru 20 masu kyau, cewa ya cancanci fansho. Darajar wasiƙar ta wuce sanarwa, domin sashe na 12738 na kundi na 10 na dokokin Amurka ya ce da zarar an ba mutum ita, ba za a iya soke cancantarsa ba saboda kuskure ko kuskuren lissafi ko bayanin da ba daidai ba daga ɓangaren hukuma, sai fa idan shi ne ya jawo kuskuren ta hanyar zamba ko ƙarya. Ma'ana, idan aka ba soja wasiƙar yana da shekara 19 a haƙiƙa, ya dogara da ita ya ajiye aiki, gwamnati ba za ta dawo daga baya ta ce ba ta san zance ba. Abin da za ta iya yi shi ne ta gyara adadin shekaru da makin da za a biya shi a kansu. Saboda haka tambayar farko da ya kamata wanda abin ya shafa ya yi wa kansa ita ce ko wannan wasiƙar tana hannunsa, domin amsar ce ke nuna ko rigimarsa ta yawan kuɗi ce ko kuwa ta samun fanshon kansa. Wasiƙar kuma ita ke buɗe wa'adin kwana 90 na zaɓen tsarin da zai bai wa matarsa ko mijinta wani kaso na fanshon bayan mutuwa, don haka idan ranar wasiƙar ta gurɓace, wannan zaɓin ma ya shiga cikin abubuwan da za a sake dubawa.

Ba a fara neman gyara daga sama. Ƙa'idar ita ce sai mutum ya gama bin hanyoyin cikin gida, wato ofishin ma'aikata na bataliyarsa, sannan babbar cibiyar kula da ma'aikata ta reshensa: ta sojan ƙasa tana Fort Knox a jihar Kentucky, ta 'yan ko-ta-kwanan sojan sama tana Buckley a Colorado, ta sojan ruwa kuma tana Millington a Tennessee. Kuskuren shigar da maki sau da yawa a nan yake ƙarewa. Idan kuwa suka ce umarnin ritaya ya riga ya fara aiki kuma ba su da ikon warware shi, to a nemi su faɗi haka a rubuce, domin wannan wasiƙar ƙin amincewar ita ce shaidar da za a nuna a mataki na gaba cewa an bi layi.

Matakin na gaba shi ne hukumar gyara bayanan soja. Kafin 1946, wanda aka zalunta a fayilinsa sai ya nemi ɗan majalisa ya gabatar da ƙudurin doka na musamman da sunansa, abin da ya cika wa Majalisar Dokokin Amurka hannu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har ta sauke wa kanta wannan nauyin ta hanyar dokar sake fasalin majalisa ta wannan shekarar. Yanzu ikon yana sashe na 1552 na kundi na 10, wanda ya bai wa sakataren kowane reshe damar gyara duk wani bayanin soja idan ya ga ya wajaba domin gyara kuskure ko kawar da zalunci, ta hannun wani zama na fararen hula daga manyan ma'aikatan ma'aikatar. Sojan ƙasa na da tasa hukumar, sojan sama na da tasa, ta sojan ruwa ita ke duba lamarin 'yan kundumbala, ta masu gadin gaɓar teku kuma tana ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. Fom ɗaya ake cikewa ga dukkansu, mai lamba DD 149, ba a biyan ko sisi, kuma ba dole ne a ɗauki lauya ba, wanda ya ɗauka kuwa daga aljihunsa zai biya. Kalmomin nan biyu na dokar, kuskure da zalunci, ba ado ba ne. Kuskure shi ne a saɓa wa doka ko ƙa'ida, zalunci kuwa yana iya faruwa ko da an bi kowace ƙa'ida, misali idan jami'in da ke da alhakin ba soja shawara ya faɗa masa ya riga ya cika shekarunsa, shi kuma ya sa hannu a takardar neman ritaya bisa wannan maganar. Mai hankali yakan kafa hujjarsa a kan duka biyun idan lamarinsa ya ba da dama.

Wa'adin shigar da buƙata shekara uku ne daga ranar da aka gano kuskuren, ba daga ranar da aka tafka shi ba, kuma hukumar na iya yafe jinkiri idan ta ga adalci ya buƙaci haka. Tana yawan yafewa idan hujjar mai ƙarfi ce, amma bai kamata a dogara da hakan ba, kuma fom ɗin yana da gurbin da za a rubuta ranar da aka gano matsalar da dalilin jinkiri, wanda bai kamata a bar shi fayau ba.

Abin da ya fi kayar da masu nema shi ne rashin sanin cewa hukumar ba ta bincike. Ba ta aika kowa ya tono rumbun takardu, ba kasafai take kiran mutum ya bayyana gabanta ba, kuma tana fara karanta kowane fayil ne da zaton cewa jami'an gwamnati sun yi aikinsu daidai. Mai nema ne zai rushe wannan zaton da hujjar da ta rinjayi ta hukuma. Doguwar wasiƙa mai cike da ɓacin rai, wadda ke lissafa lambobin yabo da shekarun sadaukarwa, ba ta motsa ma'auni ko kaɗan. Abin da ke motsa shi shi ne takardar albashin wata-wata, wadda ke nuna ranakun atisayen da aka biya mutum, domin abu ne mai wuya hukuma ta ce bai halarta ba alhali ta biya shi kuɗin ranar. Sai takardun umarnin zuwa cikakken aiki, da fom DD 214 da ake bayarwa bayan doguwar hidima, da NGB 22 da NGB 23, wato takardar barin aiki da ta lissafin maki, ga dakarun jihohi, da rajistar halarta mai sa hannun kwamanda, da takardun kimanta aiki na shekara-shekara waɗanda ke nuna cewa mutumin yana nan a lokacin da kwamfuta ta ce babu shi. Rantsuwar tsohon kwamanda ko magatakarda tana taimakawa, amma ba ta kai takardar da aka rubuta a lokacin da abin ya faru nauyi ba. Wanda ba shi da kwafi zai iya neman fayilinsa da fom SF 180 daga cibiyar adana bayanan ma'aikata ta ƙasa da ke St. Louis a jihar Missouri, ko daga reshensa idan fayil ɗin na zamanin kwamfuta ne. Ita wannan cibiyar ce gobara ta cinye mata fayilolin da aka ƙiyasta tsakanin miliyan 16 zuwa 18 a watan Yulin 1973, kodayake na tsofaffin sojojin da suka bar aiki tun kafin tsakiyar shekarun 1960 ne, kuma har yau tsofaffin sojoji na kafa hujja da ita idan suna gargaɗin sababbi da su riƙa ajiye kwafin kowace takarda a gida.

Ga inda a ganina aka fi yin sakaci, wato wajen rubuta abin da ake so a gyara. Mutane da dama sukan rubuta jimla guda cewa a soke ritayar da aka yi musu, suna zaton sauran za su biyo baya da kansu. Hukumar kuwa abin da aka roƙa take amsawa. Idan ta soke umarnin ta yi shiru, sai a samu sojan da takarda ta ce bai taɓa barin aiki ba, amma shekaru ukun da ya yi a gida babu maki a cikinsu, ko kuma 15 kawai, wato shekaru uku marasa kyau. An gyara kuskuren ke nan an bar asarar. Don haka buƙatar sai ta bi abin daki-daki: a soke umarni mai lamba kaza na rana kaza, a nuna cewa ya ci gaba da zama ɗan runduna mai aiki daga wannan ranar, a ba shi makin da zai mayar da kowace shekara mai kyau, a gyara ranar da wa'adinsa zai ƙare, a sake fitar da wasiƙar shekara ashirin da ranar da ta dace, a sake buɗe masa zaɓin fanshon magada. Idan hafsa ne kuma zaman ƙarin girma ya wuce shi yana gida, sai ya nemi a kafa masa kwamitin zaɓe na musamman, wanda doka ta tanada domin wanda kuskuren ofis ya hana a duba shi, tare da sanya bayani a fayil cewa giɓin takardun kimanta aikinsa ba laifinsa ba ne. Yana da kyau kuma a ajiye buƙata ta biyu a madadin ta farko, ta yadda idan hukumar ba ta yarda ta mayar da shi bakin aiki ba, ta iya aƙalla gyara ranar ritayar da lissafin.

Hukumar takan nemi ra'ayin ƙwararru daga ofishin ma'aikata ko na shari'a ko na likitoci, kuma wani lokaci ofishin da ya tafka kuskuren ne ke rubuta ra'ayin. Doka ta ce a ba mai nema kwafi, kuma ana ba shi ɗan wa'adi, galibi kwana 30, ya mayar da martani. Wanda ya yi shiru a nan tamkar ya amince ne. Game da tsawon jira, dokar ta buƙaci a kammala kashi 90 cikin ɗari na buƙatu cikin wata 10, dukkansu kuma cikin wata 18 sai an samu izini na musamman, amma cunkoso ya sha sa a wuce wannan iyakar. Idan aka ƙi amincewa, ana iya neman a sake dubawa a kowane lokaci muddin an kawo hujjar da ba a taɓa gabatarwa ba.

Dakarun jihohi na da wata sarƙaƙiya tasu, domin kowannensu hula biyu yake sanye da ita, ta tarayya da ta jiharsa. Hukumar gyara bayanai ta tarayya ce, tana iya gyara makinsa da matsayinsa a idon tarayya, amma ba ta da ikon tilasta wa jiha ta mayar da shi kujerarsa. Iyakarta ta ba babban hafsan jihar shawara.

Batun kuɗin baya shi ne inda na ko-ta-kwana ke gane cewa shi da sojan dindindin ba ɗaya ba ne a gaban doka. Sojan dindindin albashinsa na bin matsayinsa ne, don haka idan kotu ta ce an sallame shi ba bisa ƙa'ida ba, ana ɗauka tamkar bai taɓa barin aiki ba, a biya shi. Na ko-ta-kwana kuwa ana biyansa ne a kan atisayen da ya halarta, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar a shari'ar Palmer ta 1999 cewa ba ya da haƙƙin neman kuɗin atisayen da bai yi ba, ko da kuwa cire shi da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ne ya hana shi zuwa. Hukunci ne mai ɗaci, tunda wanda ya rufe ƙofar shi ne ke cewa ba ka shigo ba, amma haka dokar take. Wannan ne ya sa hukumar gyara bayanai ta fi kotu amfani ga irin wannan sojan, domin ita tana da ikon duba zalunci ta gyara fayil ya nuna maki, kuma idan gyaran ya haifar da haƙƙin kuɗi, sai ofishin kuɗi na ma'aikatar tsaro, DFAS, ya lissafa ya biya.

Kotu tana nan duk da haka, sai dai agogonta daban yake tafiya. Ana iya ƙalubalantar hukuncin hukumar idan na son rai ne, ko ba shi da madogara a hujja, ko ya saɓa wa doka, kamar yadda Kotun Ƙoli ta ambata a shari'ar Chappell ta 1983, amma alƙalai na ɗaga wa hukumomin soja ƙafa sosai a harkokinsu na cikin gida. Ƙarar neman kuɗin da ya haura dala 10,000 tana zuwa Kotun Da'awar Tarayya da ke Washington, kuma wa'adinta shekara shida ne. Tarkon shi ne, a shari'ar Martinez ta 2003 an yanke cewa ga ƙarar sallama ba bisa ƙa'ida ba, shekaru shidan na fara ƙirguwa ne daga ranar sallamar, kuma zuwa hukumar gyara bayanai ba ya tsayar da agogon. Mutumin da ya yi shekara uku kafin ya gano kuskuren, ya yi biyu yana jiran hukumar, ya ƙara ɗaya yana neman a sake dubawa, zai iya isa kotu ya tarar an kulle. Akwai kuma wata dokar ta daban da ta iyakance neman bashin kuɗi daga gwamnati zuwa shekara shida, wadda ke cinye tsohon fanshon wanda ya yi jinkirin nema bayan ya cika 60, domin fanshon ba ya zuwa da kansa, sai an cike takardar nema.

Kafin a sa hannu a kan DD 149, akwai lissafin da ya kamata a yi da sanyin zuciya, domin soke ritaya wuƙa ce mai kaifi biyu. Wanda ya riga ya fara karɓar fansho, idan aka ce ritayar ba ta taɓa faruwa ba, kuɗin da ya karɓa na iya zama bashi a kansa ko a cire shi daga abin da za a biya shi. Ana iya neman yafiya da fom DD 2789, amma ba tabbas ba ne, kuma ba a cika yafe wa wanda ya san ana biyansa abin da ba nasa ba ya yi gum. Wanda aka mayar bakin aiki kuma sai ya sake cika sharuɗɗan lafiya da ƙarfin jiki, ya kuma zama cikin waɗanda za a iya turawa ƙetare. A ɗaya gefen, komawa na dawo masa da inshorar lafiya ta TRICARE mai rahusa ta 'yan runduna masu aiki, a maimakon mai tsadar da mai ritayar da bai kai 60 ba ke saya, kuma tana ba shi damar rage shekarun jira, tunda tun daga ƙarshen Janairun 2008 kowane kwana 90 na wasu nau'o'in cikakken aiki na rage wata uku daga shekara 60, har zuwa 50. Ga mai shekara 45 da ke da ƙarfinsa, komawar na iya zama riba, amma mai shekara 58 sau da yawa abin da ya fi masa shi ne a bar ritayar yadda take, a gyara ranarta da makinta da muƙamin da aka rubuta.

Ko bayan an yi nasara aiki bai ƙare ba, domin hukumar umarni take bayarwa, wasu ofisoshin ne ke aiwatarwa, kowanne a nasa rumbun bayanai, kuma ba abin mamaki ba ne a gyara umarnin ritaya a wani wuri a manta da takardar maki a wani. Sai mutum ya nemi sabuwar takardar makinsa ya bi ta layi-layi, ya tabbatar shekarar da ke nuna 15 ta koma abin da aka yanke, jimillar ƙasa ma ta sauya. Idan takardar lissafin kuɗi ta iso daga DFAS, ita ma a gwada ta da alƙalami kafin a amince, domin sashe na 1552 ya ce karɓar kuɗin sasantawa yana rufe wannan da'awar baki ɗaya, kuma watan da aka tsallake a lissafin zai yi wuyar dawowa bayan an sa hannu.